Garin ɗanwake ko alale a firiza: ga wanda na zaɓar miki

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Tunda likita ya ce a janye masa nama, kuma kin rasa na ɗauka tsakanin cika firiza da alale ranar Lahadi da haɗa garin ɗanwake ki ajiye, to ki yi garin ɗanwake. Duka biyun na yi a gidana.

Goggona ce ta koya min, Allah Ya jiƙanta. Da na yi haihuwar fari, bokiti guda ta kawo min cike da gari, shi ya riƙe ni har na gama wanka. Ita alabo mudu biyu take sa wa wake mudu ɗaya. Ni na mayar da shi ɗaya da ɗaya, domin waken ne zai tsaya a madadin naman, sai kuka kamar gwangwanin madara guda. Ki tsince waken, ki ɓarza, ki sheƙe, ki tabbatar komai ya bushe ƙarau kafin a kai inji. In an dawo da shi kada ki rufe da zafinsa, zai yi gumi ya dunƙule. Ki baza a faranti ya huce, ki tankaɗe, sannan ki zuba a bokiti mai murfi. Da rani yana yi min wata biyu lafiya lau, da damina kuwa na wata ɗaya kawai nake yi.

Akwai daren da baƙi suka sauka mana daga Damagaram bayan isha'i, su bakwai har da tsohuwa, ga ba wuta tun safe. Ruwa kawai na ɗora. Na kwaɓa garin da ruwan kanwa, na jejjefa, ya taso sama, na bar shi kamar minti 15, na tsame a ruwan sanyi. Na soya man gyaɗa da albasa, na yanka kabeji da tumatir, ga yajin ƙuli-ƙuli. Kafin su gama gaisawa da maigida abinci ya sauka. Tsohuwar nan da za su tafi sai da na ƙulla mata garin a leda. Har yau in na buɗe bokitin nan Goggo nake tunawa.

Abu ɗaya ki kiyaye: in matsalar Baba ta haɗa da hawan jini, kanwa 'yar kaɗan za ki sa, don ita ma sinadarin da ake gudu a gishiri ne ya cika ta. Ki rage dunƙule, ki ƙara daddawa.

Alale yana jure daskarewa, wannan ba zan hana shi ba. Amma sai da wuta tsayayya. Na taɓa sayen firiza ta hannu don wannan aikin, kuma na yi nadama. Dafaffen abinci a firji kwana 3 zuwa 4 ne iyakarsa, don haka na Lahadi ba zai kai Juma'a ba sai ya zama ƙanƙara sosai. In aka ɗauke wuta, firiza a cike da ba a buɗewa tana riƙe sanyi kamar awa 48, mai rabi kuwa awa 24. Mu kwana uku aka yi ba wuta cikin zafin Afrilu, alale talatin na zubar, ya yi tsami yana yauƙi. Tsoho marar lafiya ba a gwada masa irin wannan. In kina da sola mai ƙarfi ko kuna layin da ake ba wa wuta awa 20, to ki yi.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa. Wanda ya sayar min da firizar rantsuwa ya yi cewa daga Turai aka sauke ta ba a taɓa kwance ta ba, ashe injinta gyararre ne. Haka garin ɗanwake na leda: da yawa alabo da fulawa ne, waken ɗan shafawa, ki ci ki ji yunwa kafin la'asar. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne masu zuba wa wake fiya-fiya don kashe ƙwari. Saboda irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ki ɗebo a hannu ki sunsuna. In kin ji wari mai hawa kai, ko kin ga matattun ƙwari jibge a ƙasan kwano, ki wuce ko da ya yi araha. Gara ki sayi sabon wake da kaka wajen wanda kika sani, ki zuba a jarka busasshiya ki toshe bakinta, ko a buhun PICS mai leda biyu a ciki. Rashin iska ne yake kashe ƙwarin, ba sai da magani ba.

Don kada ɗanwake ya gundure shi, ki niƙa garin wake zalla daban don ƙosai da alalen da za a ci a ranar. Ki ajiye busasshen zogale, busasshiyar kuɓewa, kuka da daddawa. Miyar kuka da dakakken wake ba ta neman nama.

Ki fara da wake mudu biyu a wannan Asabar ɗin. Kuɗin firizar ki cika gas da shi, ki sayi bokiti biyu masu murfi mai kamawa.