Microsoft Defender: yaya ƙarfinsa yake wajen gano mugayen manhajoji?

Na daɗe ina amfani da Microsoft Defender, manhajar kariyar da ke zuwa a cikin Windows 10 da 11, kuma abin da ya fi damuna a kansa shi ne ko yana gane muguwar manhaja kafin ta yi ɓarna.

Gwajin farko da na yi shi ne na fayil ɗin EICAR, wato wani ɗan rubutu mai haruffa 68 da ba ya cutar da komai, amma masu ƙera manhajojin kariya suka amince su riƙa ɗaukarsa tamkar ƙwayar cuta. Ina adana shi sai sanarwa ta ɓullo a kusurwar allo, kafin in sake duba jakar ma an riga an killace fayil ɗin. Wannan ya tabbatar mini cewa mai gadin ba barci yake ba, sai dai bai nuna gwanintarsa ba, domin kowa ya san fuskar wannan baƙon.

Saboda haka na koma ga rahotannin cibiyoyi masu zaman kansu. AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus tana ba da maki 6 a kowane ɗaya daga fannoni 3, wato kariya, rashin nauyaya wa kwamfuta, da kuma sauƙin amfani, kuma Defender ya sha samun cikakken maki a fannin kariya, abin da shekarun baya ba a san shi da shi ba. Amma rahoton da ya fi buɗe mini ido shi ne na AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya, domin su suna raba sakamakon gida biyu: lokacin da kwamfuta take haɗe da intanet, da lokacin da ba ta haɗe. A nan ne ake ganin cewa Defender ya dogara ƙwarai da tambayar rumbunan Microsoft ta intanet game da fayil ɗin da bai sani ba, kuma idan aka katse wannan hanyar, yawan abin da yake ganowa yakan ragu fiye da na wasu takwarorinsa. Duk wanda ke soka filasha a kwamfutar da ta yi kwanaki ba a sabunta ta ba, ya kamata ya riƙe wannan da muhimmanci.

Akwai kuma batun zargin fayil mai lafiya, wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Wata manhajar kariya da na taɓa amfani da ita ta killace mini wani kayan aiki da na dogara da shi har sau uku, har na gaji na kashe ta gaba ɗaya, kuma a wancan makon kwamfutata ba ta da mai tsaro ko ɗaya. Tun da na dawo kan Defender ban sake shiga irin wannan halin ba.

Ina ba da shawarar a bar kariya ta intanet, wato wadda ke tambayar rumbunan Microsoft, a kunne, sannan a shiga saituna a kunna tsarin da ke hana baƙuwar manhaja taɓa jakunkunan takardu da hotuna, domin a kashe yake zuwa, alhali shi ne garkuwa daga manhajojin da ke kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa, irin WannaCry ta shekarar 2017. Wanda kwamfutarsa ba ta cika hawa intanet ba kuwa, ya duba sakamakon gwajin da aka yi ba tare da intanet ba kafin ya zaɓi abin da zai saka.