SpikerBox a ajin kimiyya a Damagaram: abin da take iyawa da inda ta tsaya

SpikerBox ƙaramar na'ura ce da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda kamfanin Backyard Brains na garin Ann Arbor a Amurka yake ƙerawa. Aikinta shi ne ta kama saƙon lantarkin da ke gudana a cikin jijiyar ƙwaro, ta ƙara masa ƙarfi har kunne ya ji shi, ido kuma ya gan shi a fuskar salula. Greg Gage da Tim Marzullo ne suka kafa kamfanin a 2009, suna ɗaliban nazarin ƙwaƙwalwa a Jami'ar Michigan, da niyyar saukar da gwajin da a da sai babban ɗakin bincike zuwa teburin ɗan makaranta. Na yi aiki da ita tare da ɗalibaina na ajin ƙarshe a nan Zinder, kuma ra'ayina shi ne ta cancanci kuɗinta, amma makaranta ce ya kamata ta saye ta, ba malami daga aljihunsa ba.

Yadda ake aiki da ita ba shi da wuya. Ana tsoma babban kyankyaso a ruwan ƙanƙara har ya sandare, a yanke ƙafarsa ɗaya, a soke ta da allurai biyu na na'urar a kan ɗan abin kafawa, sannan a kunna. Nan take lasifikar za ta fara fitar da ƙara kamar yayyafi a kan rufin kwano. Idan aka taɓa ɗaya daga cikin ƙayoyin da ke jikin ƙafar da tsinke, sai ƙarar ta yawaita, manhajar Spike Recorder, wadda kyauta ce, ta nuna layuka masu tsini suna bin juna. Abin da ya fi jan hankalin ɗalibaina shi ne lokacin da wata yarinya ta danna ƙayar ta ƙi ɗaga hannu: cikin ƴan daƙiƙoƙi ƙarar ta yi ta raguwa alhali tsinken yana nan inda yake. Ta ɗago kai ta ce, "Malam, ta saba ne?" Wannan tambayar ta fi mini shafi goma na bayani a allo, domin a nan yaro yake gane cewa jijiya ba waya ba ce da ke isar da saƙo iri ɗaya kullum, tana canza amsarta gwargwadon abin da ya same ta.

Daga nan ne malami zai iya buɗe ƙofar babban fannin da na'urar ta fito daga cikinsa, wato binciken ƙwaƙwalwa a jikin dabbobin da ba sa shayarwa. Masanan Ingila biyu, Hodgkin da Huxley, sun gano yadda saƙon jijiya yake tashi ne a jikin wata dabbar teku mai suna sikwid, suka samu kyautar Nobel a 1963. Eric Kandel ya bi sawun koyo da tunawa a jikin dodon koɗin teku da ake kira Aplysia, wanda ƙwayoyin jijiyarsa kusan 20,000 ne kawai, ya nuna cewa koyo yana canza ƙarfin mahaɗar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, shi ma ya samu Nobel a 2000. A farkon shekarun 1980 Fernando Nottebohm ya nuna cewa ƙwaƙwalwar kanari baligi tana haifar da sababbin ƙwayoyi a sashen da ke kula da waƙa, a lokacin da akasarin masana suke ganin hakan ba ya yiwuwa. Akwai kuma wani ɗan kifi mai zane irin na jakin dawa da ake kira zebrafish, wanda idan aka datse masa laka yakan haɗa ta ya koma iyo cikin makonni shida zuwa takwas, abin da jikin ɗan Adam ba ya yi.

Mu a Damagaram, misalin da ya fi kusa da mu shi ne farar dango, wadda manoman ƙasar nan ba su manta ɓarnar da ta yi a 2004 ba. Masu bincike a Ingila sun gano cewa idan aka yi ta shafar cinyar bayan fara mai zaman kaɗaici, kamar yadda cunkoso yake jawowa, cikin sa'o'i kaɗan halinta yakan juya ta fara neman ƴan uwanta, kuma a 2009 sun nuna cewa sinadarin serotonin ne yake kunna wannan sauyi. Bayan shekara ɗaya wani binciken ya nuna cewa ƙwaƙwalwar farar da ta tashi cikin garke ta fi ta mai kaɗaici girma da kusan kashi 30 cikin 100. Ina jin zafin cewa an yi nazarin wannan ƙwaro a Cambridge da Oxford, alhali yaran da gonakin iyayensu yake ci ba su taɓa jin labarin ba. Da wannan na'ura ana iya sauraron jijiyar ƙafar fara mai rai, wadda ɗalibai suke kamowa a gona bayan damina. Ta Kasuwar Dole dafaffiya ce busasshiya, ba za ta yi ba.

Sai dai wanda zai saya ya san iyakarta. Na'urar tana jin saƙon jijiya ne kawai, ba ta nuna yadda ƙwaƙwalwa take girma ko take gyara kanta, kuma raguwar ƙarar da muka gani a ƙafa sabawar jijiyar ji ce, ba irin koyon da Kandel ya nazarta ba, don haka wajibi ne malami ya bambance su. Wanda yake son nuna gyaran jiki sai ya ajiye ƙaramin kyankyason da bai gama girma ba a kwalba mai iska, da ruwa da ɗan tsaki, ya jira ya saɓule fata, domin a lokacin ne sabuwar ƙafa take fitowa. Baligi ba ya mayar da ƙafarsa, saboda haka na fi son a yi aiki da ƙananan, a yanke ƙafa ɗaya tak, a kuma wanke hannu da sabulu tunda an san inda kyankyaso yake kwana.

Yanayinmu ma yana da nasa sharaɗi. A bazara ƙafar tana saurin bushewa, sai an shafa ɗan basilin a wurin yankan kuma an yi gwajin da safe. Wutar lantarkin gida tana shigar da guɗa cikin ƙarar, don haka gara a cire salula daga caji a nisanci fanka. Batirin da take ci mai kusurwa huɗu ne na bolt 9, wanda ba kowane mai tebur yake da shi ba. Mafi yawan bayanan gwaje-gwajen da Turanci suke, mu kuwa da Faransanci muke koyarwa, sai malami ya zauna ya shirya nasa tun kafin aji. Kuɗinta ya haura dala 100 kafin a sa na aiko da na kwastan, kuma ya kamata a tabbatar mahaɗinta ya dace da salular da za a yi aiki da ita. Kamfanin ya saki zanen ƙirarta ga kowa, saboda haka sashen kimiyya a Jami'ar André Salifou ko ƙwararren mai gyaran rediyo a Zango zai iya gwada harhaɗa ta a nan, idan aka samo ƙananan kayan da ake bukata.