Greenstar 4000: ko ta isa a cire tsohuwar boila saboda ita?

A gidajen Ingila boila ce ke riƙe da gida duk tsawon hunturu. Ita ke tura ruwan zafi cikin radiyetocin ɗakuna, ita ke ba da ruwan wanka. Irin tsofaffin nan masu 'yar wutar da ba ta mutuwa dare da rana, musamman waɗanda ke matakin G, wato mafi ƙasa a ma'aunin inganci, ba sa mayar da kashi 70 cikin ɗari na gas ɗin da suka ci zuwa ɗumi. Idan aka biya fam ɗari, sama da talatin ta bututun hayaƙi suka fice. Shi ya sa tun Afrilun 2005 doka ta ce sabuwar boilar gas da za a kafa a Ingila da Wales sai mai tatsar zafin tururi.

Greenstar 4000 ta kamfanin Worcester Bosch tana cikin wannan jinsi. Nau'inta da ake magana a kai nan kombi ce, wato ba ta buƙatar tankin ruwan zafi ko tankin saman rufi, nan take take dafa ruwa da zarar an buɗe famfo. Akwai mai kilowat 25, akwai mai 30. Mai 30 tana ba da kusan lita 12 a minti, ta ƙara wa ruwan zafin digiri 35. Shawa ɗaya za ta ji daɗi sosai. Amma a gidan da ake da banɗaki biyu, yara na shirin makaranta ana wanke-wanke a kicin, ruwan zai ragu har a yi ta kiran "wa ya buɗe famfo?" Irin wannan gida gara ya zauna da tanki.

A takarda ingancinta kashi 94 ne, kuma abin da ya fi burgewa shi ne tana iya rage wutarta zuwa kashi ɗaya cikin goma. Ba ta yawan kunnawa da kashewa, ƙararta kaɗan ce ko da a kabad ɗin kicin aka sa ta. Sai dai wannan 94 ba ya zuwa da kansa. Tururin hayaƙi ba ya komawa ruwa ya saki zafinsa sai ruwan da ke dawowa daga radiyetoci ya gaza digiri 55. Masu kafawa da yawa suna barin ma'aunin zafin ruwan radiyeta a digiri 75 ko 80 su kama gabansu, sai mai gida ya ga bil bai sauka yadda aka yi masa alkawari ba. A saukar da zafin ruwan radiyeta zuwa 60, a duba kwana biyu. Idan ɗakuna sun yi ɗumi, a ƙara saukarwa. Ɗakin da ya ƙi ɗumama, wataƙila radiyetarsa ce ta yi ƙanƙanta, ba lallai laifin boila ba ne.

Inda aikin ke lalacewa shi ne wajen kafawa. Tsofaffin bututu cike suke da baƙar laka ta tsatsa, kuma hanyoyin ruwan sabuwar na'ura ƙanana ne, nan da nan suke toshewa. Dole a wanke layin gaba ɗaya kafin a haɗa, a zuba maganin hana tsatsa irin Sentinel X100 ko Fernox F1, sannan a ɗaura matata mai maganaɗisu a bututun dawowa. Wanda ya buɗe matatar bayan shekara zai ga ƙarfen ciki ya yi baƙi ƙirin da laka, wadda ba don matatar ba a cikin na'urar za ta kwanta. A Landan da kewayenta ruwa yana da farar ƙasa da yawa, don haka a haɗa da abin rage ta.

Sai bututun gas. Tsofaffin gidaje da yawa na milimita 15 gare su, kombi mai kilowat 30 kuwa sau da yawa sai na 22 daga mitar gas. Duk ƙiyasin da bai ambaci wannan ba, a tambaya tun kafin a biya.

Akwai kuma ƙaramin bututun roba da ke zubar da ruwan tururin. Idan ya bi ta wajen gida yana siriri, daskarewa yake yi, boila ta tsaya cak a daren da aka fi buƙatarta. Haka ya faru da gidaje masu yawa a sanyin ƙarshen Fabrairun 2018. A bi da shi ta cikin gida zuwa magudanar sinki in da hali. In ba makawa sai waje, ya zama milimita 32 aƙalla, a naɗe shi. Idan ya riga ya daskare, ruwan ɗumi ake zuba masa, ba tafasasshe ba, sannan a sake tayar da na'urar.

Matsin ruwa ya tsaya tsakanin 1 da 1.5 a ma'aunin matsi na "bar" idan boila ta huce. Idan yana faɗuwa kowane mako, wani wuri na yoyo.

Garanti yana kaiwa shekara 10, da sharaɗin injiniyan da kamfanin ya amince da shi ne ya kafa, aka sa matatar kamfanin, aka yi rajista cikin kwana 30, kuma ana sabis duk shekara. Tsallake sabis ɗaya kan jawo gardama ranar da wani abu ya lalace. Kada kowa ya taɓa gas sai mai katin Gas Safe, wato shaidar rajistar masu izinin aikin gas, a juya bayan katin a ga ko boila na cikin ayyukan da aka yarje masa. Tun 2018 kuma sabuwar kombi a Ingila sai an haɗa ta da ƙarin na'urar sarrafa zafi, kamar mai auna yanayin waje, ba kyauta ce injiniya ke yi ba.

Wanda boilarsa mai tatsar tururi ce kuma ba ta wuce shekara goma ba, ribar canji kaɗan ce, ya fara da saukar da ma'auni da wanke layi. Tallafin gwamnati na fam 7,500 ba na boilar gas ba ne, na injin jawo ɗumi daga iska ko ƙasa ne. Ɗan haya kuwa ba nasa ba ne ya saya, gyara da duba gas na shekara-shekara duk a wuyan mai gida suke.