Kafin Ka Ba Kafinta Aiki: Abin da Sunayen Katako na Turanci Ke Nufi

Duk wanda ya shiga kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ko Fanteka a Kaduna domin haɗa kayan ɗakin 'yarsa ko gyaran kicin, zai tarar rabin cinikin da kalmomin Turanci ake yin sa. Mai shago zai ce wannan MDF ne, wancan filawud, na jingine da bango kuma HDF, mai saye ya gyaɗa kai don kada a raina shi, alhali kuwa a tsakanin waɗannan sunaye ne kuɗinsa zai yi albarka ko ya salwanta.

Idan aka ce solid wood, ana nufin tsantsar katako da aka yanko daga jikin bishiya, irin su maɗaci da loko da afara da obece. Kalmar hardwood tana ruɗar mutane, domin ba ƙarfin katakon take bayyanawa ba, dangin bishiyar take nunawa, wato masu faɗin ganye. Shi ya sa obece yake cikin wannan rukuni duk da cewa farce yana iya shiga jikinsa, kuma gara ba ta jin nauyinsa. Loko da maɗaci su ne na ƙofa da gado da duk abin da ake so jikoki su gada, sai dai akwai tsada da nauyi. Tambayar da ta fi muhimmanci a nan ita ce ko katakon ya bushe, abin da suke kira seasoned. Yawancin katakon da ake sayarwa a Arewa daga dazukan Kudu ake ɗauko shi da danshinsa, kuma idan aka yi aiki da shi ɗanye, da hunturu ya kama sai ƙofa ta karkace, mahaɗa ta buɗe baki, fenti ya tsage. Na kayan ɗaki ana so danshin cikinsa ya sauko zuwa kamar kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari.

Sauran duk alluna ne na masana'anta, kuma galibinsu ƙafa 4 ne a faɗi, ƙafa 8 a tsawo. Filawud siraran yankan katako ne da aka jera bisa juna da gam, kowane shafi jijiyarsa ta gitta ta na ƙasansa, adadinsu kuma mara ne, uku ko biyar ko bakwai. Wannan gittawar ce ta ba shi ƙarfi da riƙon kusa. MDF kuwa katako ne da aka niƙe ya zama kamar auduga, aka cuɗa da gam aka matse. Fuskarsa sumul take, yana shan fenti da kyau, yana karɓar zane da sassaƙa, shi ya sa gadajen amare masu ado suke yawan fitowa daga gare shi. Amma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan: idan ana goge tayil da jiƙaƙƙen tsumma kullum, ƙasan sif zai kumbura ya yi burodi-burodi, kuma ba ya komawa yadda yake. Haka nan idan aka kwance shi aka sake ɗaurawa saboda tashi daga gidan haya, ramukan sukurun sukan saki. HDF ɗan'uwansa ne da aka fi matsewa, nauyinsa ya haura kilo 800 a kowane dunƙule mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, sai dai a kasuwanninmu sunan yakan hau kan alluna iri-iri, don haka kada a dogara da shi. Na ƙarshe a daraja shi ne chipboard, ɓarɓashin katako da aka manne, wanda arharsa ce kawai abin yabonsa.

A ganina, hanya mafi tabbas ita ce mai saye ya nemi a nuna masa bakin allon inda zarto ya bi. Idan ya ga layi-layi, filawud ne. Idan ya ga gari mai laushi launi ɗaya, MDF ne. Idan ya ga tsakuwa-tsakuwa, chipboard ne. Fuskar allo ba ta faɗin gaskiya, domin abin da ake kira veneer siririn yankan katako na gaske ne da aka lulluɓa a sama, laminate ko fomaika kuwa takarda ce da roba mai hoton katako.

Wajen zaɓi, kabad ɗin kicin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya cancanci marine plywood, wanda gam ɗinsa ba ya narkewa da ruwa, kuma a bambanta shi da baƙin allon da magina suke zuba kankaren rufin bene da shi, domin shi ma sukan kira shi marin bod. Jikin sif da kantocinsa su kasance filawud mai kaurin milimita 18, ƙofofinsa ana iya yin su da MDF idan ana son ado, ƙafafu da ƙashin gado kuma tsantsar katako.

A wurin biyan kuɗi, quotation farashin da aka yanka ne kafin fara aiki, invoice takardar neman biya ce, rasit ne kaɗai shaidar an biya. Deposit shi ne kafin alƙalami, workmanship kuɗin hannu, warranty kuma alkawarin gyara na wani ƙayyadadden lokaci, wanda ba lallai ne ya haɗa da mayar da kuɗi ba. Kafin a miƙa kafin alƙalami, a sa kafinta ya rubuta nau'in allon kowane sashe da kaurinsa da ranar kawo kaya, kuma a raba kuɗin kaya da kuɗin hannu a layi daban-daban.