Lilon Dawakai, Motocin Karo ko Lilon Sama: Wanne Za Ka Saya?

Mai shirin buɗe wurin wasan yara ya sani yaro ne zai hau, amma uba ne zai biya tikiti, kuma hannun uba ya fi saurin shiga aljihu in ya ga abin da shi ma ya hau yana ɗan firamare. Shi ya sa tsofaffin lilo ba sa fita yayi. Babban lilon sama (ƙaton wili mai zagayawa da mutane sama) na birnin Biyana a Ostiriya tun 1897 yake juyawa, na Coney Island a Amurka kuwa tun 1920.

Lilon dawakai ya fi sauƙin riƙo. Injin lantarki ɗaya ke juya dandamalin, ƙarafa masu gwiwa da ke ƙarƙashin rumfar su ke ɗaga dawakan suna saukewa. In na gwanjo ne, sa a kunna shi ba kowa, a kashe kiɗa, ka kasa kunne ga babban boris na tsakiya. In yana gurnani ya ci, sauya shi kuwa sai an kwance kusan komai. Ɗauki dawakan faiba; na katako sun fi kyau, amma hunturu ɗaya ya isa ya tsattsaga su.

Motocin karo ƙananan motocin lantarki ne da ake karo da juna da su; na asali su ne masu sanda a baya tana gugar raga a sama, tartsatsi na tashi. Manya su suke tunawa. Sai dai suna bukatar daɓen ƙarfe da rufin da ba ya yoyo, ƙura kuma in ta kwanta a daɓen sai motar ta riƙa tsayawa. Masu batir ko a kan siminti mai santsi suna gudu, amma ranar Sallah kafin la'asar sun yi sanyi, sai ka tanadi batiran canji.

Lilon sama shi ke yi maka talla daga nesa, shi ne kuma mai cin kuɗi: ginin tushe, janareta mai ba da wuta layi uku, da duba walda a kai a kai, domin tsatsa a mahaɗa take ɓuya ƙarƙashin sabon fenti. Tambayi mai sayarwa yadda ake sauko da mutane in wuta ta ɗauke suna can ƙoli. In ya fara kame-kame, bar masa kayansa.

Mai ƙaramin jari ya fara da dawakai, ya nemi littafin gyaran injin, ya kuma tafi da bakanikensa ranar ciniki.