Kafin ka sayi kayan tare zaizayar ƙasa a filin gini

Da zarar katafila ta kankare ciyawa ta bar fili tsirara, ruwan sama na farko zai fara kwashe ƙasar sama, wadda ita ce mafi albarka, ya zuba ta a kwalbati da gidajen maƙwabta da rafin da ke ƙasa. Masu sayar da kaya za su jera maka abubuwa iri-iri. Tambayar da ya kamata ka yi wa kowanne ita ce: wannan yana hana ƙasar tashi ne tun daga inda take, ko kuwa jira yake sai ta zama laka ya tare ta a gindin gangare? Ni dai kuɗina na kan na farkon.

Shingen yadi, wanda ake kafawa da turaku a gefen fili, shi aka fi saye don ya fi araha. Aikinsa ya tsayar da ruwa har laka ta kwanta, kuma sai an binne gindinsa kamar santimita 15 a cikin rami, in ba haka ba ruwa ta ƙarƙashi zai bi. Rana na cinye shi cikin watanni, sannan dole a riƙa kwashe lakar kafin ta kai rabin tsayinsa. Ka saye shi a matsayin mataimaki kawai. Damin tattaka da ake jerawa kuwa ɓarnar kuɗi ne, ruɓewa yake ruwa ya ratsa tsakaninsa. Duwatsu a cikin ragar waya suna da amfani a bakin kwalbati da inda ruwa ke dukan gaɓa da ƙarfi, amma tsadarsu ta fi ƙarfin a rufe gangare gaba ɗaya da su. Ramin tara laka ya zama dole a babban fili, sai dai shi ma yana karɓar ƙasar da ta riga ta tafi ne.

Abin da na fi yarda da shi shi ne tabarmar zaren kwakwa, wadda ake saƙawa kamar raga da zaren ɓawon kwakwa, akasari a Indiya da Siri Lanka. Ana shimfiɗa ta a kan ƙasar da aka gyara aka watsa wa irin ciyawa. Ɗigon ruwan sama kan sauka a kan zaren maimakon ya fasa ƙasa, kowane layin saƙa kuma na rage wa ruwa gudu. Idan ka durƙusa ka duba bayan ruwa ya ɗauke, za ka ga 'yar turɓaya ta taru a bayan kowace igiya, tsiron ciyawa na leƙowa ta ramukan. Tana riƙe laima, don haka iri ba ya ƙonewa. Zaren kwakwa na da tauri ƙwarai, yakan yi shekara 2 zuwa 5 kafin ya ruɓe, gwargwadon kaurinsa da yanayin wurin, kuma kafin lokacin saiwoyi sun karɓi aikin. Ba sai an dawo an kwashe komai ba, taki take zama. Ta kuma fi irin tabarmar da ake ɗinke tattaka a cikin ragar roba, domin waccan ragar na maƙale macizai da tsuntsaye, robar kuma ta daɗe a ƙasa.

Da nauyi ake sayar da ita: giram 400, 700 ko 900 a kowane murabba'in mita. Ta 400 ta isa gangare mai sauƙi. Ta 700 ita ce ta yawancin aiki. Ta 900 ta gaɓar rafi ce da hanyar ruwa. In gangaren na da tsayi, ka haɗa ta da layukan ciyawar vetiver, 'yar uwar jema, a dasa a gicciye da tazarar santimita 10 zuwa 15. Saiwarta kan nutsa mita 3 ko fiye a ƙasa mai kyau.

Shimfiɗar ma sai da kula. A binne kanta a rami a saman gangare, a warware ta zuwa ƙasa, ta sama ta hau kan ta ƙasa kamar yadda ake jera kwanon rufi, a kafe ta sosai ta manne da ƙasa. Duk inda ta yi tsalle a kan dutse ko kututture, ruwa zai haƙa rami a ƙarƙashinta ba ka gani ba.

To, ga inda nake so ka buɗe kunne, domin a nan aka taɓa cuta ta. Wani dillali ya kawo mini naɗi da takardar 700 manne a jiki. Damina ba ta yi nisa ba sai ga tabarma ta yi baƙi tana tsinkewa a hannu, gangare ya tsage, laka ta cika magudanar da aka gama ginawa. Ashe an cakuɗa ta da zaren jut, mai kama da rama, wanda ba ya jure jiƙa da bushewa kamar kwakwa. Tun daga nan takardar da ke jikin kaya ba ta ishe ni shaida ba.

Ka je da sikeli. Naɗi mai faɗin mita 2 da tsawon mita 50 murabba'in mita 100 ke nan, don haka na giram 700 ya kamata ya kai kusan kilo 70 a bushe. Ka zura hannu can ciki ka ji, domin wasu na yayyafa ruwa don ƙara nauyi. Ka sa a warware shi a gabanka, kada ka tsaya ga mitocin farko, akwai masu saƙa baki da kauri su bar tsakiya sako-sako. Ka auna tsawon ma. Ka murza zaren: na kwakwa yana da kaushi yana sukar yatsa, jut kuwa laushi gare shi da sheƙi. Ka ciro zare ɗaya ka kyasta masa ashana, in ya narke ya dunƙule to akwai roba a ciki, na kwakwa toka yake zama. Ka shinshina, warin ruma na nuna ya daɗe a ajiye cikin danshi, ya fara ruɓewa tun kafin ya iso wurinka.

A wajen vetiver ma ana algus. Nau'in da ake so shi ne wanda ba ya yaɗuwa ta iri, da rassan gindi ake dasa shi. Duk wanda ya miƙo maka ƙunshin iri ya ce vetiver ne, ka bar masa kayansa. Kuma kada ka biya cikon kuɗi sai kayan da aka sauke a fili sun yi daidai da samfurin da aka nuna maka. Ka yanki guntun samfurin tun ranar ciniki, ka sa dillalin ya sa hannu a takardar da ta faɗi nauyi da tsawo da irin zaren, ka ajiye su tare.