Likitan hanta da ya saurare ni

Wallahi asibitin hantar nan sun kyauta min. Sati 12 ina shan sofosbuvir da daclatasvir saboda ciwon hanta na hepatitis C, gajiya ta yi min yawa, sha'awa ta ɗauke gaba ɗaya har uwargida ta fara zargin ko neman aure nake a ɓoye. Da ƙyar na furta wa likita don kunya, sai ya tura ƙofa ya ce in zo da ita, ya zaunar da mu ya ce shi kansa ciwon hantar da damuwa suna kawo haka, kuma kar in kuskura in sha maganin maza na 'yan tebur, zai iya illata hantar. Layi kam akwai, tun asuba nake kama lamba. Yanzu alhamdulillahi sha'awar tana dawowa a hankali.